FASHIN BAƘI: Ko mai shekara 40 zai iya zama matuƙin jirgin fasinja? Abin da doka, likita da aljihu suka tanada

A watan Yuni na 2024 ne Gwamna Dauda Lawal da Ministan Sufurin Jiragen Sama, Festus Keyamo, suka ƙaddamar da aikin gina babban filin jirgin sama a Gusau. Ga jihar da aka ƙirƙiro tun ranar 1 ga Oktoba, 1996, amma alhazanta suka shafe shekaru suna cin tafiyar fiye da kilomita 200 a mota zuwa Sakkwato kafin su hau jirgin Saudiyya, wannan babban labari ne. Shekara uku kacal kafin nan, a watan Maris na 2021, gwamnatin Muhammadu Buhari ta haramta wa jirage shawagi a sararin samaniyar Zamfara, kwanaki kaɗan bayan sace ’yan matan makarantar Jangebe.

Maganar filin jirgi takan tayar da tsohon buri a zukatan wasu. Akwai malamin makaranta a Tsafe, ko ma’aikacin banki a Gusau, ko ɗan kasuwar da aka haifa a Kekun Waje ta Ƙaramar Hukumar Bunguɗu, wanda tun yana yaro yake ɗaga kai idan jirgi ya gifta, amma talaucin gida ko rashin mai nuna hanya ya karkatar da shi zuwa wata sana’a. Yau ya kai shekara 35 ko 40, yana da iyali, ya ɗan tara abin hannu, kuma yana tambayar kansa ko lokaci ya ƙure masa.

Amsar a taƙaice ita ce, dokar tuƙin jirgi ba ta yanke shekarun da mutum zai wuce a ce ba zai fara koyo ba. Abin da ta yanke shi ne shekarun da zai daina ɗaukar fasinja. Saboda haka daga ƙarshe ake fara lissafin, a dawo baya. Abubuwan da suka fi kayar da mai fara wa da girma kuwa uku ne: gwajin likita, kuɗin horo, da kuma tazarar da ke tsakanin karɓar lasisi da samun kujera a cikin jirgin kamfani. Wanda bai auna su ɗaya bayan ɗaya ba, yana iya sayar da gona da gida ya dawo da takarda kawai.

Shekara 65: inda hanyar ta ƙare

Ƙa’idojin lasisin matuƙa a duniya suna fitowa ne daga Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, wato ICAO, wadda aka kafa bisa Yarjejeniyar Chicago ta 1944, kuma take da mazauni a Montreal ta ƙasar Kanada. A Najeriya, hukumar NCAA ce ke mayar da waɗannan ƙa’idoji doka, ita ce kuma ke bayar da lasisi.

A tsarin ICAO, matuƙin da ke jigilar fasinja tsakanin ƙasashe a jirgin da mutum biyu ke tuƙawa zai ajiye aikin idan ya cika shekara 65. Idan shi kaɗai ne matuƙi a jirgin, iyakarsa shekara 60. A da 60 ce iyakar kowa. A 2006 aka ɗaga ta zuwa 65 bisa sharaɗin ɗaya daga cikin matuƙan biyu bai kai 60 ba, sannan a 2014 aka cire sharaɗin. Amurka ta ɗaga tata iyakar daga 60 zuwa 65 a ƙarshen 2007. A 2025 ƙungiyar kamfanonin jirage ta duniya, IATA, ta kai wa babban taron ICAO buƙatar a mayar da iyakar 67, amma taron bai amince da ita ba.

Ta ɓangaren farawa kuwa, mafi ƙarancin shekaru kawai ƙa’idar ta ambata. Lasisin tuƙa jirgi don kai, wanda ake kira PPL, sai mai shekara 17. Lasisin tuƙi don neman kuɗi, CPL, sai mai 18. Babban lasisin da kyaftin ɗin jirgin fasinja ke riƙewa, ATPL, sai mai 21. Makaranta ko kamfani na iya gindaya nasu sharuɗɗan na shekaru, musamman idan su ne za su ɗauki nauyin horon, don haka wajibi ne a nemi wannan bayani a rubuce kafin a biya ko sisi.

Hanya ɗaya ce shekaru suka toshe gaba ɗaya, ita ce ta soja. Makarantar Horar da Hafsoshi ta NDA da ke Kaduna, inda yawancin matuƙan Rundunar Sojin Sama ke fitowa, matasa masu ƙananan shekaru kaɗai take ɗauka a kwas ɗinta na yau da kullum. Wanda ya wuce nan, hanyar farar hula ce kaɗai ta rage masa, ita kuwa da kuɗi ake bin ta.

Matakan da babu mai tsallake su

Tuƙin jirgi sana’a ce da ake auna ta da awa. Kowane matuƙi na da littafin da yake rubuta kowace tafiya da tsawon lokacin da ta ɗauka, kuma wannan littafi ne jarinsa. Lasisin PPL na buƙatar aƙalla awa 40 a sama. CPL na buƙatar awa 200, ko 150 ga wanda ya bi cikakken kwas a makarantar da hukuma ta amince da ita. A cikin waɗannan awoyi dole akwai tuƙin dare, da tuƙi da na’urori kaɗai ba tare da ganin ƙasa ba, da wata doguwar tafiya ta aƙalla kilomita 540 wadda ɗalibi zai sauka a filaye biyu daban. Bayan haka sai izinin tuƙa jirgi mai inji fiye da ɗaya. ATPL kuwa sai an tara awa 1,500.

Kafin sama akwai karatun aji: dokokin jirage, ilimin yanayi, lissafin hanya, yadda inji ke aiki, nauyi da daidaiton kaya, da yadda jikin ɗan’adam ke sauyawa a sama. Akwai kuma Turanci. ICAO ta raba iya Turancin matuƙa mataki shida, kuma sai wanda ya kai mataki na huɗu ake bari ya yi magana da hasumiya a tafiyar ƙasa da ƙasa. Ana auna fahimta da saurin mayar da amsa ta rediyo, lokacin da murya ke shaƙewa kuma abin da ba a zata ba ya taso.

Makaranta mafi kusa da ɗan Zamfara ita ce Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Najeriya, NCAT, da ke Zariya, tafiyar da ba ta kai kilomita 200 ba daga Gusau idan aka bi ta Tsafe da Funtuwa. An kafa ta a 1964 da taimakon ICAO da Majalisar Ɗinkin Duniya. Kwas ɗinta na matuƙa na ɗaukar kimanin shekara biyu, kuma tana neman kiredit biyar na kammala sakandare, ciki har da Turanci, Lissafi da Fiziks. Wanda ya yi ajin adabi ko na kasuwanci shekara ashirin da suka wuce, yana iya zama dole ya koma ya zauna jarabawar WAEC ko NECO tare da sa’o’in ’ya’yansa. Akwai kuma kwalejin jiragen sama ta Ilorin da gwamnatin Jihar Kwara ta kafa. Wasu ’yan Najeriya kan tafi Afirka ta Kudu, Habasha, Jodan, Amurka ko Kanada, sai dai lasisin waje ba ya aiki a jirgin Najeriya har sai NCAA ta tantance shi, abin da ke nufin ƙarin jarabawa da ƙarin kuɗi.

Shekara biyun nan ma a takarda suke. Ɗalibin farko da ido yake tuƙi, don haka idan hazon hunturu ya rufe Zariya ko hadarin damina ya haɗo, jirgi na ƙasa. Haka idan jirgin koyo ya shiga gyara ko ɗalibai suka fi jiragen yawa. Ɗan shekara 19 na iya jure wa jinkirin wata shida. Magidancin da ya bar albashi, kowane wata na jinkiri daga cikin abincin gidansa yake fita.

Likita kafin komai

Matuƙin kasuwanci na buƙatar takardar lafiya mai daraja ta ɗaya, kuma ba kowane likita ke bayar da ita ba, sai wanda NCAA ta ba izinin duba ma’aikatan jirgi. Takardar lafiya daga babban asibitin gari, komai girmansa, ba ta maye gurbinta. Wannan shi ne mataki mafi arha a duk tafiyar, shi ne kuma ya kamata ya zama na farko.

Ana duba ido, kunne, zuciya, huhu, jini, fitsari da lafiyar ƙwaƙwalwa. Sanya tabarau ba ya hana mutum tuƙi, muddin da tabarau ɗin yana gani yadda ƙa’ida ta nema. Abin da ya fi kayar da mutane ba zato shi ne rashin bambance launuka, musamman ja da kore, domin da yawa sukan girma da shi ba su sani ba, alhali fitilun filin jirgi da na’urorin ɗakin matuƙa da launi suke magana. Hawan jini, wanda ke yawaita bayan shekara 40, ba lalle ya rufe ƙofa ba idan an shawo kansa da magungunan da hukuma ta yarda da su. Ciwon suga da ya kai ga allurar insulin, a ƙa’idar ICAO yana hana lasisi, ko da yake ƙasashe irin su Birtaniya, Kanada da Amurka sun buɗe ƙofa bisa tsauraran sharuɗɗa. Farfaɗiya na hanawa. Game da sikila, ƙa’idar ta bambanta mai ɗauke da ƙwayar kawai, wato mai rukunin AS, wanda galibi ba ya samun matsala, da mai cutar kanta.

Takardar ba ta dindindin ba ce. Duk wata 12 ake sabunta ta. Mai shekara 40 da ke ɗaukar fasinja shi kaɗai, da duk matuƙin kasuwanci da ya haura 60, duk wata shida suke komawa gaban likita. Bayan shekara 50, gwajin bugun zuciya na ECG kan zama na kowace shekara. Ma’anar wannan ga mai fara wa a makare ita ce, shekarun da zai yi yana biyan bashin horo su ne shekarun da jiki ya fi yawan kawo cikas. Rana ɗaya likita na iya dakatar da lasisin da aka kashe dukiyar gida a kansa. Shi ya sa a ƙasashe da dama matuƙa ke yin inshorar asarar lasisi, kuma kuɗinta na ƙaruwa da ƙaruwar shekaru.

Kuɗin da dala ke ja

Horon matuƙi na da tsada ne saboda kusan komai nasa daga waje yake: jirgin, kayan gyaransa, inshorarsa, da man da ƙananan jirage masu injin fistin ke sha. Wannan na cikin dalilan da suka sa NCAT ta koma sayen jiragen Diamond DA40 da DA42, waɗanda ke amfani da man da manyan jirage ke sha, mai sauƙin samu fiye da na tsofaffin jiragenta samfurin Tampico.

Tun da gwamnatin Bola Tinubu ta saki farashin naira a watan Yuni na 2023, lissafin ya sauya baki ɗaya. Kafin nan dala na kusan naira 460 a farashin hukuma. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. A ɗauka, don misali kawai, wata makaranta a waje ta nemi dala 50,000. A tsohon farashi naira miliyan 23 ke nan, a sabon kuwa miliyan 75, alhali makarantar ba ta ƙara ko kwabo ba. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a Yulin 2024, ko bai ci bai sha ba, sai ya yi kusan shekara 90 kafin ya tara wannan adadi.

Ga magidanci, kuɗin makaranta rabin labarin ne. Akwai albashin shekara biyu ko uku da zai rasa, da cefanen gida, da kuɗin makarantar yara, da hidimar iyaye da dangi, wadda a ƙasar Hausa ba ta tsayawa don mutum ya tafi karatu. Ma’aikacin gwamnati kuma ya tuna cewa ritayarsa na zuwa a shekara 60 ko bayan shekara 35 na aiki, malamin makaranta kuwa dokar tarayya ta 2022 ta ba shi har 65 ko shekara 40 na aiki. Wanda ya ajiye aiki a tsakiya, da hannunsa ya yanke abin da zai tara na fansho. Idan akwai damar hutun ƙaro ilimi, ko da babu albashi, ya fi takardar murabus.

A yankunan karkarar Bunguɗu da Tsafe, inda rashin tsaro ya raba mutane da gonakinsu da dabbobinsu, fili ko gidan da ya rage wa iyali a cikin gari shi ne madogararsu ta ƙarshe. Sayar da shi don biyan kuɗin horo shawara ce da ta shafi matar gida da ’ya’ya da magada, kuma haƙƙinsu ne su ji cikakken lissafin kafin a yanke ta.

Ramin da ke bayan lasisi

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar CPL a matsayin takardar kama aiki. Mai sabon lasisi ya iya tuƙa ƙaramin jirgi mai kujera huɗu. Kafin ya zauna a gaban Boeing 737 irin na Max Air ko Air Peace, ko Embraer 145 irin na Rano Air, ko Airbus A220 irin na Ibom Air, sai ya sami shaidar ƙwarewa a kan wannan samfurin jirgin takamaimai. Horo ne na makonni a cikin na’urar kwaikwayon tuƙi, galibi a ƙasar waje, da dala ake biya, kuma shaidar samfuri ɗaya ba ta aiki a wani. NCAT ta sayi na’urar kwaikwayon Boeing 737 don rage wannan fita waje, amma samfuri ɗaya ke nan cikin da yawa da ke shawagi a Najeriya.

Darasi mafi kusa na nan a Kano. Gwamnatin Rabi’u Musa Kwankwaso ta ɗauki nauyin matasa 100 zuwa ƙasar Jodan don koyon tuƙin jirgi. Sun kammala, sun dawo da lasisi, amma da yawansu sun shafe shekaru ba su sami kujera ba, domin kamfanoni na neman shaidar samfuri da ɗaruruwan awoyi, su kuwa ba su da kuɗin shaidar, ba su kuma da inda za su tara awoyin. Waɗannan matasa ne da lokaci ke gabansu, kuma ba aljihunsu ya biya horon ba. Duk gwamnatin da ke tunanin tura ’yan jiharta irin wannan karatu, ciki har da ta Zamfara, ya kamata ta sanya kuɗin shaidar samfuri da yarjejeniya da kamfanin da zai ɗauke su a cikin kasafin tun farko.

Zaman jiran ma ba kyauta ba ne. Takardar likita na ƙarewa, izinin tuƙi da na’urori na buƙatar sabuntawa, kuma ƙa’ida ta hana matuƙi ɗaukar fasinja idan bai tashi ya sauka sau uku ba cikin kwana 90 da suka gabata. Hannu na mutuwa, kuma farfaɗo da shi sai an yi hayar jirgi ko na’ura.

Wasu kamfanoni kan biya wa sabon matuƙi kuɗin shaidar, su ɗaure shi da yarjejeniyar yi masu aiki na wasu shekaru ko su riƙa cira daga albashinsa. A nan ne shekaru ke yin tasiri a ɓoye. Kamfanin da zai zuba kuɗi a kan mutum yana lissafin shekarun da zai more shi.

Ana yawan kafa hujja da hasashen kamfanin Boeing na 2024, wanda ya ce duniya za ta buƙaci sababbin matuƙa 674,000 cikin shekara 20, kimanin 23,000 daga ciki a Afirka. Sai dai ƙarancin da kamfanoni ke kuka da shi na ƙwararrun kyaftin ne masu dubban awoyi. Masu awa 200 ba su yi ƙaranci ba. Kasuwar Najeriya kuma ba ta da tabbas. Nigeria Airways ta rushe a 2003. Okada, Chanchangi, Bellview, Sosoliso da Air Nigeria duk sun zama tarihi, hukumar AMCON kuma ta karɓe Arik a 2017. Duk kamfanin da ya durƙushe, ƙwararrun matuƙansa kan shiga layin neman aiki a gaban sababbi.

Lissafin shekarun da suka rage

A ɗauki mutumin da ya fara yana da shekara 38. Idan komai ya tafi daidai, zai karɓi CPL yana da 40. A ba shi shekara biyu na neman shaidar samfuri da aiki, ya zauna a kujerar mataimakin matuƙi yana da 42. Dokokin ƙasashe da dama sun taƙaita tuƙin mutum ɗaya zuwa awa 900 ko 1,000 a shekara don gudun gajiya, saboda haka cike gurbin awa 1,300 da suka rage masa zuwa ATPL zai ci kusan shekara ɗaya da rabi, a zahiri ma biyu ko uku. Kamfanoni kan nemi fiye da haka kafin su ba mutum kujerar kyaftin. Duk da haka yana da shekara 23 na aiki a gabansa, kuma zama kyaftin kafin ya kai 50 abu ne mai yiwuwa.

Wanda ya fara yana da 50, a irin wannan lissafi zai kama aiki yana da 54, ya rage masa shekara 11, kuma kaso mai tsoka na shekarun zai tafi ne a kan ƙaramin albashin mataimaki. Idan bashi ya ci, da wuya ya fita kafin ritaya. Idan kuma rarar dukiyarsa ce wadda asararta ba za ta girgiza gidansa ba, to, hukuncin nasa ne.

An taɓa ganin wanda ya bi doguwar hanya ya kai. A ’yan shekarun baya kamfanin Azman Air ya yi bikin ƙarin girman wani matuƙinsa zuwa kyaftin, mutumin da shekara 24 kafin nan ya shiga harkar a matsayin mai share jirgi a Kabo Air. Ya yi aikin ƙasa, ya zama ma’aikacin cikin jirgi, ya tara albashinsa ya je Kanada ya koyi tuƙi. Abin lura a labarinsa shi ne bai taɓa fita daga harkar ba. Yana cin abinci a cikinta yana tara kuɗi, kuma lokacin da ya dawo da lasisi, masu ɗaukar aiki sun riga sun san shi.

Zama a ƙarƙashin ƙane

Akwai jarabawar da ba a rubuta ta a takarda. A kamfanin jirgi, girma na bin awoyin tuƙi da ranar kama aiki. Furfura ba ta shiga lissafi. Mai shekara 45 da ya saba a durƙusa a gaishe shi a ofis da gida, zai zauna a kujerar dama yana karɓar umarni da gyara daga kyaftin ɗan shekara 30, ko daga mace sa’ar ƙanwarsa. A makaranta ma mai koyar da shi na iya zama sa’an ɗansa na fari.

Ɗaya gefen ya fi wannan muhimmanci. Mun taso a kan cewa bin na gaba bin Allah ne, kuma musa wa shugaba a gaban mutane rashin tarbiyya ne. A ɗakin matuƙa, kawaici na kisa. Haɗarin jirgi mafi muni a tarihi, wanda ya auku a tsibirin Tenerife ranar 27 ga Maris, 1977, inda jirage biyu samfurin Boeing 747 suka yi karo a kan titin tashi mutum 583 suka mutu, na cikin abubuwan da suka sa aka shigar da darasin aiki tare a horon matuƙa: na ƙasa ya faɗi abin da ya gani ƙarara, na sama kuma ya saurara. A nan mai shekaru na iya fin yaro. Wanda ya riƙe aji, ko ya shugabanci ma’aikata, ko ya saba yanke shawara a cikin matsi, ya zo da natsuwar da ba a koyar da ita a awa 200. Abin da zai fi ba shi wahala shi ne haddar karatun aji bayan dogon rabuwa da littafi, da raba hankali tsakanin jarabawa da kiran waya daga gida.

Filin jirgi ba ya ɗaukar matuƙa

Ya kamata a fahimci cewa kamfanonin jirage ne ke ɗaukar matuƙa, kuma mazauninsu na Legas, Abuja, Kano ko Uyo. Filin Gusau zai buƙaci masu kula da zirga-zirgar jirage na hukumar NAMA, da masana yanayi na NiMet, da ’yan kwana-kwana, da jami’an tsaron fili, da injiniyoyin na’urori, da masu tsara tafiyar jirgi da lissafin mai da kaya. Da yawa daga cikin waɗannan fannoni NCAT na koyar da su, wasunsu cikin watanni, a kan kuɗin da bai kama ƙafar na tuƙi ba. Ga wanda burinsa shi ne ya tashi sama kawai, lasisin PPL ya isa, ba tare da ya bar sana’arsa ba. Mai CPL kuma na iya zama malamin tuƙi, aikin da ke tara awoyi kuma iyakar shekara 65 ta jigilar fasinja ba ta shafe shi kai-tsaye ba, muddin likita na sabunta masa takarda.

Ga wanda ya auna duk wannan ya ga zai iya, tsarin da ya fi kare dukiyarsa shi ne ya fara da ganin likitan da NCAA ta amince da shi. Idan ya tsallake, ya duba takardunsa na sakandare ya cike giɓin da ke ciki. Sannan ya tabbatar daga NCAA cewa makarantar da zai je na da izini, ya guji dillalan da ke alƙawarin aiki bayan horo, kuma kada ya biya kuɗin kwas gaba ɗaya a dunƙule idan akwai damar biya mataki-mataki, domin makarantun tuƙi ma na rufewa da kuɗin ɗalibai a ciki. Ya yi PPL tukuna, ya ga ko jikinsa da ƙwaƙwalwarsa sun karɓi sama. Kasafinsa ya haɗa da shaidar samfuri da cefanen gida na aƙalla shekara uku. Takardar barin aiki ita ce ta ƙarshe da zai rubuta, bayan iyalinsa sun ga lissafin sun kuma amince da shi.